Eko ko sikanar: wanne za a fara yi wa Inna?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Kin tambaya wanne za a fara yi mata, eko ko sikanar. Ku yi mata ekogarafin zuciya da likita ya rubuta, wato eko, maganar sikanar, hoton nan da ake ɗauka da hasken radiyo, ku ajiye ta tukuna. Ɗan uwan da ya ce ku ɗauko ta daga Tawa zuwa Yamai don sikanar ta fi eko, alheri yake nufi, amma tsada ya duba, bai duba ciwon ba. Tsohuwar da ta daɗe da tansiyon, ƙafa na kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, abin da likita ke son sani shi ne ko zuciyar na da sauran ƙarfin tura jini. Wannan kuwa aikin eko ne.

Ki ɗauki zuciya kamar injin ban ruwa na masu albasa. Eko tana kallon injin ne yana cikin aiki, sikanar kuma tiyon da ke kai masa mai take dubawa ko ya toshe.

Ni da idona na ga amfanin eko a kan ƙanwata. Tana cikin jego ta fara haki, daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta dafa bango, kowa na cewa gajiyar haihuwa ce. Likitan zuciya ya kwantar da ita ta gefen hagu, ya shafa mata wani ruwa mai sanyi mai yauƙi a ƙirji, ya riƙa zagaya ɗan abin nan ƙarƙashin nono, irin wanda ake duba mai ciki da shi. Ba allura, ba zafi, ba a ce ta zo da azumi ba, kuma wajen rabin awa aka gama. Ya juyo da allon wajenmu ya nuna mana ɗakin hagu na zuciyar ya buɗe, yana matsewa a kasale. A takardar akwai wani lissafi da suke rubutawa FEVG, wato kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Na mai lafiya yana tsakanin 50 da 70 cikin ɗari, in ya sauka ƙasa da 40 zuciya ta yi rauni. Nata yana ƙasa. A ranar aka ɗora ta kan magani, aka hana ta kunun kanwa da yawan gishiri da dunƙulen miya. Da aka sake eko bayan wasu watanni lissafin ya hau, kuma kafin mu ga takarda mun gani a jikinta, don ta koma goyon ɗanta. Abin da na fi so da eko ke nan: sauti take amfani da shi, babu hasken radiyo a ciki, ana iya maimaita ta duk lokacin da likita ya buƙata. Tana nuna kaurin bangon zuciya da tansiyon ke jawowa, da ƙofofin da ke yoyo ko suka ƙuntace, da ruwa in ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciyar.

Sikanar kuwa mun taɓa biya wa Baba, hoto ya fito tsaf, maganin da yake sha bai canza ba. Ba na ce ba ta da rana ba. Mai ciwon ƙirji da ke taso masa in yana tafiya ya lafa in ya zauna, wanda ake zargin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa sun toshe, shi ne nata, don eko ba ta ganin cikin jijiyoyin nan. Amma ita sikanar sai an yi allurar ruwan iyod a jijiya, sai an fara auna ƙoda, sau da yawa sai an ba da ƙwayar da za ta sauko da bugun zuciya kusa da 60 a minti, sannan mutum ya kwanta miƙe ya riƙe numfashi. Inna da ba ta iya kwanciya miƙe fa? Kuma ba kowace sikanar ke ɗaukar jijiyoyin zuciya ba. Kafin ku ɗora tsohuwa a mota ta yi sama da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, ku tambayi likitan nata inda ya fi kusa da ake yin eko.

ECG ɗin da aka riga aka yi mata kada ki raina shi, kada kuma ki ce ya wadatar. Wutar zuciya yake rubutawa a takarda, ba hoto ba ne, yana iya fitowa kusan lafiya alhali akwai matsala.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa miki don abin yana ci mini rai. Akwai masu yawo unguwa-unguwa da kwamfuta da ɗan ƙarfe, su ce ka riƙe a tafin hannu, cikin minti biyu wai na'ura ta ga zuciyarka da hantarka da ƙodarka. Wallahi babu abin da take gani. Ƙarshen zancen kullum kwalaben ƙarin abinci ne na jikkuna masu yawa, wasu har su ce a bar maganin tansiyon. Kada su kusanci Inna. Haka masu tare mutane a ƙofar asibiti su ce sun san inda ake yi da sauri, kamashonsu suke nema. Ko a kilinik, ki tambaya kai tsaye: likitan zuciya ne zai yi ekon? Wanda ya ƙware a duba cikin mata daban, mai duba zuciya daban. Kada ku tashi sai an ba ku rubutaccen sakamako mai sa hannu da hatimi, da lissafin FEVG a ciki.

Ranar zuwa ku tafi da takardar ECG da kwalayen duk magungunan da take sha, har na gargajiya ku faɗa. In kuwa kafin ranar numfashinta ya tsananta tana zaune, ko ƙirji ya riƙe ta da zufa, ku wuce da ita sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, kada ku jira randebu.