Yawon ƙarshen mako a San Antonio: wurare masu kyau, rabon lokaci a baibai

Kamfanin yawon buɗe idon da muka bi daga Houston zuwa San Antonio, duka a jihar Texas ta Amurka, ya haɗa mana wurare uku a kuɗi ɗaya, har da bas da kwanan otal: wurin dabbobin ruwa na SeaWorld, tsofaffin gidajen mishan na Sifaniyawa, da kogon Natural Bridge. Tafiyar kusan awa uku ce a kan babbar hanyar I-10, motar na da sanyi, direban kuma mai natsuwa ne. Duk wuraren sun cancanci zuwa. Inda kamfanin ya gaza shi ne rabon lokaci, domin wurin da ya fi kowanne daraja shi aka ba ɗan guntun rana.

Asabar gaba ɗaya a SeaWorld muka ƙare ta. An buɗe wurin a 1988, yana da faɗi sosai, kuma yara sun more: dolfin, farin kifin beluga, tsuntsayen fengwin a ɗakinsu mai sanyi, ga lilo na zamani ga mai ƙarfin zuciya. Ni dai manyan kifayen orka ne suka tsaya mini a rai. Halitta ce da Allah Ya yi wa teku, sai ga ta tana kewaya tafkin siminti, kuma San Antonio ba ta ma bakin teku. Kamfanin SeaWorld ya daina hayayyafa su tun 2016, ɗiya ta ƙarshe a nan aka haife ta a 2017, tana da wata uku ta mutu. Rabin yini ya ishi mai iyali a wurin.

Da safiyar Lahadi muka shiga kogo. Wasu ɗalibai huɗu na Jami'ar St. Mary's ne suka gano manyan ɗakunansa a 1960, aka buɗe wa jama'a a 1964. Ana sauka ƙafa 180 ƙarƙashin ƙasa, zafin ciki bai sauka daga digiri 21 rani da damina, amma danshi ya kai kashi 99 cikin ɗari, don haka gumi za ka yi ta yi. Ruwa ne ke ɗiga ta cikin dutsen farar ƙasa, kowane ɗigo ya bar ɗan abin da ya narkar, har ginshiƙai suka haɗa sama da ƙasa. Ɗan jagoran kogon ya san aikinsa. A sa takalmi mai kama ƙasa, kuma dattijo mai ciwon gwiwa ya yi tunani tukuna, don hawan fitowa da aiki.

Sai gidajen mishan, waɗanda aka yi mana tsallake-tsallake a cikinsu ana duba agogo. Guda biyar ne a jere bisa kogin San Antonio. Na farko shi ne Alamo, an kafa shi a 1718, yau an fi saninsa da yaƙin 1836 tsakanin mayaƙan Texas da sojojin Meziko. San José ya biyo a 1720, sannan Concepción da San Juan da Espada aka dawo da su nan a 1731. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, kuma shiga huɗun da ke kudancin gari kyauta ne. Har gobe ana ibada a cocinan huɗun nan.

San José gari ne sukutum cikin ganuwa: ɗakunan 'yan asalin ƙasar jere a jikin bango, rumbun hatsi, injin niƙa da ruwa ke juyawa. Mutanen da suka shigo nan mafarauta ne masu yawo, fari da cuta da hare-haren ƙabilar Apache suka koro su. Sun samu abinci da kariya, a madadin haka suka bar harshensu da addininsu, cututtukan da baƙi suka kawo kuma suka kashe da yawa daga cikinsu. Wannan labari ne da ake so a zauna a saurara, mu kuwa ko ɗan fim ɗin da ake nunawa a ofishin baƙi ba a bar mu mun ƙarasa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Espada. Akwai hanyar ruwa da gadar dutse da aka gama a wajajen 1745, har yanzu tana kai ruwa gonaki. Dabarar ban ruwan daga Sifaniya aka zo da ita, can kuma Musulmin Andalus sun bar hannunsu a kanta. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama zai gane yadda ake tare ruwa a sake shi fage bayan fage. Ta tagar bas kawai muka hango ta.

Abinci ma a yi shiri. Tsarin tafiyar bai tanadi na halal ba, kifi da ganye muka yi ta ci, salla kuwa sai inda mutum ya samu gefe. Mai mota ya tuƙa kansa, ya sayi tikitinsa daban-daban, ya ba gidajen mishan yini cikakke. Wanda dole sai da kamfani, ya nemi a nuna masa jadawalin awa-awa kafin ya biya.