Malcolm X ko Mandela, wanne za ka fara karantawa?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka je karatu waje ake maka kallon raini saboda launin fatarka har abin ya fara taɓa maka zuciya, kuma an nuna maka littattafai biyu, The Autobiography of Malcolm X da Long Walk to Freedom na Nelson Mandela, kana tambayar wanne za ka fara ɗauka. Allah ya yaye maka, ya ba ka abin da ka je nema. Na karanta duka biyun, na Malcolm ma sau biyu, to bari in jera maka su yadda na gan su.

Kowanne da ciwon da yake wa magani. Malcolm raini ya shige shi tun yana yaro har ya yarda da shi. An haife shi a 1925 a Omaha ta Amurka, yana shekara shida aka tsinci babansa taragon cikin gari ya taka shi a Lansing, iyalin kuma sun tafi a kan cewa fararen fata masu ƙiyayya ne suka kashe shi, daga baya aka kai mamarsa asibitin masu taɓin hankali aka rarraba yaran gida gida. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da ya gaya wa malaminsa yana son zama lauya, yaron da yake cikin na gaba gaba a aji fa, malamin ya ce masa baƙar fata ba ya wannan mafarkin, ya nemi kafinta. Daga nan karatu ya fita daga ransa. Sai Boston, sai Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, caca da ƙwaya da fasa gidaje, har da miƙar da gashi da wani haɗin soda da dankali da ƙwai mai ƙona fatar kai don kawai gashinsa ya yi kama da na Bature, kuma shi da kansa yake ba da labarin nan ba tare da ya ɓoye kunyar da ke ciki ba. Wallahi duk wanda aka taɓa sa shi jin cewa halittarsa ce matsalar, zai ga kansa a shafukan nan.

Mandela kam ba haka ya taso ba. An haife shi a 1918 a yankin Transkei na Afirka ta Kudu, bayan rasuwar babansa a gidan sarautar Thembu aka raine shi, ya san asalinsa ya san darajarsa kafin ma ya haɗu da wariyar sosai a Johannesburg. Ka duba wannan: a 1952, shekarar da Malcolm ya fito daga kurkuku, a shekarar ce Mandela da Oliver Tambo suka buɗe ofishinsu na lauyoyi, wato aikin da aka ce wa Malcolm ba nasa ba ne. Don haka yaƙin Mandela da doka ne da gwamnati, tsarin apartheid da aka kafa a Afirka ta Kudu daga 1948 wanda ya tsara wa mutum unguwar da zai zauna da wadda zai aura da takardar da zai riƙe kafin ya taka titi.

Duka biyun kurkuku ne tsakiyar labarinsu amma sun sha bamban. Malcolm ya shiga a 1946 a matsayin ɓarawo, a can ya ga ko wasiƙa mai kyau ba ya iya rubutawa, sai ya ɗauki ƙamus ya dinga kwafe shi da hannu shafi bayan shafi, in an kashe fitila da dare ya matsa bakin ƙofa yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa daga baranda, in ya ji takun gandiroba ya koma gado kamar mai barci. Mandela kuwa da iliminsa ya shiga, aikinsa shi ne kar a karya shi. Shekara 27, 18 daga ciki a tsibirin Robben, haƙar farar ƙasa cikin rana har hasken ya lalata masa ido, wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya duk wata shida a farko, mamarsa ta rasu a 1968 ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969 duk ba a bar shi ya je jana'iza ba. Har wando sai da ya yi rigima a kai, don fursunoni baƙaƙe gajeren wando ake ba su kamar yara. Abin da na koya a nan shi ne yadda yake zaɓen abin da zai yi faɗa a kansa da abin da zai bari ya wuce, da yadda ya zauna ya koyi Afrikaans, harshen masu tsaronsa, don ya san yadda suke tunani. Wannan zai maka amfani a aji da wurin aiki inda dole kullum sai ka haɗu da mai raina ka.

Kowanne kuma akwai inda mai karatu yake zamewa. A na Malcolm, tsakiyar littafin cike yake da koyarwar ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, inda ake cewa farar fata shaiɗan ne, kuma mutumin da zuciyarsa ke tafasa kamar kai yanzu zai iya jin daɗin wurin ya tsaya a nan. Don Allah kar ka tsaya. A 1964 ya bar ƙungiyar ya tafi aikin Hajji, ya ci abinci a kwano ɗaya ya yi sallah a sahu ɗaya da mutane farare tas masu shuɗin ido, ya dawo da suna El-Hajj Malik El-Shabazz ya fito fili ya ce ya canza ra'ayi, bai kuma daina yaƙi da zalunci ba. A wannan shekarar dai, wata biyu bayan Hajjinsa, aka yanke wa Mandela ɗaurin rai da rai a shari'ar Rivonia.

A na Mandela kuma zamewar ita ce mutane su ɗauka darasin haƙuri ne kawai da yafiya, abin nan yana ɓata min rai gaskiya. Mutumin nan bayan 'yan sanda sun kashe mutum 69 a Sharpeville a 1960 yana cikin waɗanda suka kafa reshe mai ɗauke da makami na ANC, jam'iyyarsu mai yaƙi da wariyar, kuma a 1985 da shugaban ƙasar, Botha, ya yi masa tayin saki bisa sharaɗi ƙi ya yi, 'yarsa Zindzi ce ta karanta amsarsa a gaban taro a Soweto, ya ƙara shekara biyar a tsare. Yafiyar ta zo ne bayan ya ƙi durƙusawa.

Ta fuskar sauƙin karatu na Malcolm ya fi gudu, don da baki ya dinga ba marubuci Alex Haley labarin shi kuma yana rubutawa, sai ka ji kamar yana zaune gabanka, sai dai akwai Turancin 'yan titin Harlem nan da can. Na Mandela ya fito a 1994, ya haura shafi 600, kuma akwai wuraren tarurrukan jam'iyya da zaman kotu da suke jan ƙafa, sai ka daure har ka kai babin tsibirin.

Tun da ka ce abin ya fara shiga zuciyarka, ni dai Malcolm zan ce ka fara da shi, Mandela ya biyo baya in hankalinka ya ɗan kwanta. Kuma ka haɗa da dogon bayanin da Haley ya ƙara a ƙarshe, don Malcolm bai ga littafin ba, an harbe shi ranar 21 ga Fabrairu 1965 a New York yana shekara 39, watanni kafin a buga shi. In ka kai babin Makka ka taɓo ni mu tattauna.