Tsaraba a Bankok: Chatuchak ko MBK?

Tun da na dawo daga Tailan ake ta tambayata, wai tsarabar kayan hannu a kasuwar Chatuchak ya fi a saya ko a MBK, wani katafaren gini mai cike da shaguna a Bankok?

Chatuchak Asabar da Lahadi take cika, rumfunanta dubbai ne. Jirgin ƙasa zai sauke ka a tashar Mo Chit, ka ɗan taka ka shiga. Akwai akussan katako, jakunkunan saƙa, kayan yumɓu, har da sabulun da aka sassaƙa kamar fure. Ciniki kuwa sai ka ce Kasuwar Kurmi: mai rumfa ta danna kuɗi a kalkuleta, kai ma ka danna naka, ana dariya har a daidaita. Amma fa akwai zafi da cunkoso, sai ka riƙe tsabar kuɗi ka kuma kula da aljihu. In abu ya kwanta maka, saya nan take. Ni da na ce zan zagayo in ɗauki wani mayafin siliki, har na bar ƙasar ban sake gano rumfar ba.

MBK kullum a buɗe take, ga sanyin na'ura, ga wuraren abincin halal. Sai dai yawancin tsarabarta aikin inji ne, iri ɗaya daga wannan shago zuwa wancan, kuɗin ma ya ɗan ɗara.

Wanda Asabar ta riske shi a Bankok, yana da ƙafar yawo, yana kuma son abin da zai daɗe ana tambayarsa inda ya samo, Chatuchak ce tasa. Mai tafe da dattijuwa ko yara, ko wanda jirginsa zai tashi tsakiyar mako, MBK ta ishe shi.