Kafin Ka Sayi Waya ko Na'urar 5G: Abubuwan da Ke Raba Wata da Wata

Alamar 5G da ake bugawa a jikin kwalin waya ba ta gaya wa mai saye abin kirki. Wayoyi biyu za su iya ɗaukar alamar iri ɗaya, a sa musu layin kamfani ɗaya, a ajiye su a kan teburi ɗaya, amma ɗaya ta sauke babban fayil kafin ka gama gyara zama, ɗayar kuwa ta kasa wuce abin da tsohuwar wayar 4G take yi. Dalili shi ne fasahohi da dama aka tattara a ƙarƙashin wannan suna, kuma kowace waya da kowane kamfanin sadarwa suna ɗaukar wasu ne su bar wasu.

Yana da kyau a fara sanin inda alƙaluman talla suka samo asali. A shekarar 2017 hukumar ITU, wadda ke kula da harkokin sadarwa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da sharuɗɗan da dole fasaha ta cika kafin a lissafa ta a zubi na biyar na fasahar wayar salula, wato 5G, cikin tsarin da ta raɗa wa suna IMT-2020. Daga ciki akwai ƙololuwar gudu na gigabit 20 a daƙiƙa (gigabit ɗaya megabit dubu ne) wajen saukewa da gigabit 10 wajen ɗorawa, da jinkirin isar saƙo da bai wuce milisakan ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) ga ayyukan da ba sa jure jira, da ɗaukar na'urori miliyan ɗaya a murabba'in kilomita guda, da riƙe sadarwa ga wanda ke cikin jirgin ƙasa mai gudun kilomita 500 a awa. Ba a samun waɗannan duka a lokaci guda, domin kowanne an tsara shi ne don wata buƙata daban. Gigabit 20 ɗin nan lissafi ne na yanayi mafi kyau, inda mutum ɗaya ya mallake duk abin da turken sadarwa, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da eriyar kamfani, yake iya bayarwa. Alƙalamin da ya shafi mai saye yana can ƙasa ba a cika tallata shi ba: megabit 100 wajen saukewa da 50 wajen ɗorawa, a tsakiyar birni mai cunkoso. Da wannan ma'auni ya kamata a auna alƙawarin kowane kamfani.

Babban abin da ke raba wata 5G da wata shi ne zangon da saƙon yake bi a iska, wato mitar igiyar rediyon da ke ɗauke da shi, wadda ake aunawa da megahaz ko gigahaz. Ƙa'idar ba ta da wuya: gwargwadon yadda zango yake ƙasa, gwargwadon nisan da yake ci da yadda yake ratsa bango, sai dai filin da ke cikinsa ƙanƙane ne. Zango na ƙasa, wajen megahaz 600 da 700, wanda takardar bayanin waya ke rubutawa da n71 da n28, yana kaiwa nesa ƙwarai, yana kuma shiga cikin gini, amma gudunsa bai cika yi wa 4G mai kyau nisa ba. Abin yakan ƙara muni idan kamfani ya raba zango ɗaya tsakanin 4G da 5G, domin a nan alamar da ke saman allo kaɗai ce take canzawa.

Zango na tsakiya shi ne ƙashin bayan 5G a yawancin ƙasashe, kuma a ganina shi ne wanda bai kamata a yi ciniki a kansa ba. A nan ake samun n78, daga gigahaz 3.3 zuwa 3.8, da n77 wanda ya miƙe har 4.2, da n41 a wajen 2.5. Tashar 4G guda ɗaya, wato yankin zangon da aka ware don data ta bi, faɗinta bai wuce megahaz 20 ba, alhali a wannan zango tasha ɗaya tana iya kai megahaz 100, wato ninki biyar. Daga nan ne ainihin bambancin da mutum yake ji a hannunsa yake fitowa, ɗaruruwan megabit a wurin da da can ake fama da gommai.

Zango na sama kuwa, daga gigahaz 24 zuwa gaba, mai lambobi irin su n257 da n258 da n260 da n261, shi ne na bajekoli. Faɗin tasha a nan yana kai megahaz 400, kuma wanda ya tsaya yana fuskantar turke zai ga gudu ya haura gigabit ɗaya cikin sauƙi. To amma ya taka 'yan taku ya sha kwana, ko ya rufe gefen wayar da tafin hannunsa, ko ya shiga ɗaki mai gilashin da aka yi wa rufin hana zafi, nan take wayar ta koma wani zango. Filin wasa da filin jirgin sama da dandalin da dubban mutane ke taruwa, nan ne amfaninsa. Ko kamfanin Apple, da ya fitar da iPhone 12 a 2020, a samfuran Amurka kaɗai ya sa eriyar wannan zango. Wanda kamfanin layinsa bai kafa irin waɗannan turaku ba, ƙarin kuɗin da zai biya dominsa asara ce.

Saboda haka aikin farko shi ne mai saye ya gano lambobin zangon da kamfanin layinsa yake amfani da su, sannan ya neme su ɗaya bayan ɗaya a takardar bayanin wayar. A kula, waya mai suna ɗaya takan zo da samfuri daban-daban gwargwadon yankin da aka ƙera ta dominsa, don haka lambar samfurin ake dubawa, ba sunan da ke talla ba. Akwai ma lokacin da zangon yana nan a cikin wayar, amma sai kamfanin sadarwa ya amince da samfurin ta hanyar manhaja kafin 5G ta buɗe.

Rabuwa ta biyu tana ɓoye ne a cikin haruffan NSA, wato 5G mai jingina da 4G, da SA, wato 5G mai zaman kanta. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke rubuta ƙa'idojin fasahar, ta kammala NSA a Disambar 2017, sannan SA a Yunin 2018. A tsarin NSA, sabuwar eriya ake jingina wa tsohuwar cibiyar 4G: wayar tana riƙe da 4G don karɓar umarni, tana kuma jan data ta 5G. Da wannan aka fara a Koriya ta Kudu da Amurka a Afrilun 2019, kuma har yanzu kamfanoni da yawa a kansa suke, domin ya fi arha da saurin kafawa. Illarsa ita ce wayar tana riƙe da igiya biyu a lokaci guda, abin da ke cin batir, kuma a wasu saituna alamar 5G takan bayyana alhali datar ta 4G take bi. A tsarin SA kuwa, daga eriya har cibiya duk sababbi ne, kuma sai da shi ake samun raguwar jinkiri ta gaske, da kiran murya a kan 5G kai tsaye, da yanka hanyar sadarwa gida-gida yadda za a keɓe wa asibiti ko masana'anta nata kason da cunkoson jama'a ba zai taɓa ba. Wayar da za a riƙe shekara uku ko huɗu ya kamata ta iya duka biyun. Wannan ne ya sa nake ganin wayoyin 5G na farko, na 2019, ba abin saye ba ne komai arharsu: modem ɗin da ke cikin da yawa daga cikinsu, wato ɓangaren da ke haɗa waya da turke, mai suna Snapdragon X50, NSA kaɗai ya sani, sai wanda ya gaje shi, X55, ya zo da SA.

Sauran bambancin yana ga eriya da modem. Turakun zango na tsakiya sukan ɗauki allon da ke da hanyoyi 64 na aikawa da 64 na karɓa, kuma maimakon su watsa saƙo ko'ina kamar fitilar ɗaki, sai su tattara shi su haska wayarka kamar tocila, suna bin ka idan ka motsa. Waya mai kyau takan karɓa da eriya huɗu a wannan zango, ta kuma iya haɗa zanguna biyu ko uku su zama hanya ɗaya. A nan ne wayoyi masu arha suke rage tsada ba tare da sun faɗa ba. Idan kuɗi bai kai ba, kuma zango na tsakiya bai iso inda mutum yake zaune da inda yake aiki ba, wayar 4G mai ƙwarin batir da kyakkyawan allo ta fi wayar 5G da aka rage wa komai don a samu damar buga alamar.

Masu ɗora bidiyo ko watsa shiri kai tsaye su lura da abu guda. A zango na tsakiya, saukewa da ɗorawa karɓa-karɓa suke yi a kan tasha ɗaya, kuma kamfanoni sukan ba saukewa mafi yawan lokacin. Ga shi kuma ƙarfin aikawar waya bai kai na turke ba. Don haka ba abin mamaki ba ne gwaji ya nuna gudun saukewa mai burgewa, na ɗorawa kuwa ya tsaya can baya.

Batun milisakan ɗaya ma yana buƙatar taka-tsantsan, domin tsakanin waya da turke kaɗai ake auna shi. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 ne a milisakan guda, ke nan idan kwamfutar da ke ba ka amsa tana nisan kilomita 1,000, zuwa da dawowa kawai sun cinye milisakan 10 kafin a yi wani aiki. Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne matso da kwamfutocin kusa da turaku, kuma wannan shawara ce ta kamfani, babu wayar da za ka saya ta yi maka shi.

Ga mai neman intanet na gida ko ofis, zaɓin yana tsakanin faiba da na'urar 5G ta ajiyewa. Inda faiba ta iso, ita ce gaba, saboda gudunta bai cika damuwa da yawan jama'ar da suka hau turke da yamma ba. Inda ba ta iso ba, na'urar ajiyewa ta fi kunna rabon data daga waya, domin eriyarta ta fi girma, ba ta dogara da batir ba, wasu ma suna da mahaɗar eriyar waje. Gani ya kori ji: kafin a ɗaure kai da yarjejeniya mai tsawo, a gwada na'urar a bakin tagar da ke fuskantar turke, a sake gwadawa a tsakiyar ɗaki, da safe da kuma daddare lokacin cunkoso. A kuma sani cewa 5G da ke liƙe a ƙarshen sunan Wi-Fi na wasu na'urori gigahaz 5 take nufi, ba ta da alaƙa da zubi na biyar.

Masu sayen kyamarorin tsaro da agogon hannu da na'urorin aune-aune ba sa buƙatar cikakken modem. Kundi na 17 na ƙa'idojin 3GPP, wanda aka kammala a 2022, ya kawo RedCap, wata 5G da aka rage wa eriya aka kuma tsayar da faɗin tasharta a megahaz 20 don ta yi arha ta rage cin wuta, sai dai tana buƙatar cibiyar SA. Kundin ne kuma ya shigo da sadarwa ta tauraron ɗan'adam cikin ƙa'idojin.

Akwai masu cewa gara su jira 6G. Hukumar ITU ta fitar da tsarin manufofinta, IMT-2030, a ƙarshen 2023, kuma masana'antar tana hasashen fara amfani da ita ne wajen shekarar 2030. Abin da ke tsakani shi ne 5G-Advanced, wanda ya fara da kundi na 18 da aka kammala a 2024, kuma gyara ne a kan hanyar da ake da ita, a kan zangunan da aka sani. Wayar da aka saya yau mai n78 da SA za ta ci gaba da aiki a kansa, kuma bisa yadda batir yake tsufa, da wuya ta kai ranar da za a kunna turken 6G na farko ba a canza ta ba.