Garejin da ya gyara hanyar komawar baƙin mai daga turbon motata a Agege

Motata Toyota Hilux ce tsohuwa, wadda nake ɗaukar buhunan wake da albasa da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa shagunan abokan cinikina da ke Agege da Idi-Araba. Da injinta na asali, wato 3L mai lita 2.8, ya gaji har ta fara nishi a kan gada idan akwai kaya, sai na yanke shawarar sauya shi da 1KZ, injin dizal mai lita 3 wanda Toyota ta fara fitarwa a 1993, mai turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa domin ta cusa masa ƙarin iska. A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na sayo shi, irin wanda mutanen Legas ke kira tokumbo, mu kuma a gida mu ce ɗan Beljiyom. Bakaniken farko ya ɗora shi, mota ta tashi da ƙarfi, amma ba a yi mako guda ba ta fara zubo shuɗin hayaƙi ta salansa, musamman idan na daɗe a gosulon titin Ikorodu sannan na taka. Hukuncinsa shi ne turbo ya mutu, in koma Ladipo in sayo wani. Kafin in yi wannan asarar, wani ɗan'uwa mai motar haya ya kai ni wani gareji a Agege, kuma a kan aikin wannan garejin nake so in yi magana.

Mai garejin dattijo ne marar yawan magana. Bai taɓa turbon ba sai da ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya shiga ƙarƙashin motar da fitilar waya, can kuma ya kira ni in kwanta kusa da shi in gani da idona. Abin da ya haska mini shi ne tiyon da ke mayar da baƙin mai daga turbo zuwa cikin inji. Kujerar injin da aka ƙera da walda ta tare hanyar bututun ƙarfe na asali, shi ya sa bakaniken farko ya cire shi ya sa wani siririn tiyo na roba wanda bai fi kaurin ɗan yatsa ba, ya zagaya da shi ta ƙarƙashin kujerar, ya sake hawo da shi sama kaɗan, sannan ya cusa shi a kwanon mai ta wata huda da ya yi can ƙasa. Dattijon ya kwance tiyon ya karkata shi, sai ga mai yana tsiyaya a kan kwalin. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, turbonka lafiyarsa ƙalau. Mai ne ba ya hawa tudu da kansa."

Bayanin da ya biyo baya shi ne ya sa na amince da wurin, domin ya yi shi ne yadda ɗan kasuwa irina zai fahimta. Sandar da ke cikin turbo tana juyi fiye da sau 100,000 a minti guda, don haka famfon inji ne ke turo mata mai da ƙarfi ta wani ƙaramin bututu daga sama. Amma da zarar man ya gama aikinsa, babu wani famfo da ke tura shi gida. Nauyinsa kaɗai ke saukar da shi, kuma a lokacin ya riga ya zama kumfa mai cin wuri fiye da yadda ya shigo. Wannan ne dalilin da ya sa dole bututun fita ya fi na shiga faɗi nesa ba kusa ba, ya yi gangara tun daga bakin turbo har ƙarshensa ba tare da kwari ko lanƙwasa mai tsanani ba, ya kuma shiga inji a saman matakin man da ke kwance a kwano. Idan bakinsa ya nutse cikin mai, kamar yadda nawa ya nutse, to daidai yake da an toshe shi. Daga nan sai man ya taru a tsakiyar turbo, kuma tun da abin da ke tsare gefunansa zobban ƙarfe ne irin na fistin, waɗanda aka yi domin tare iska da hayaƙi, sai man ya ratsa su ya faɗa salansa ya ƙone, ko ya bi ta ɓangaren iska ya shiga inji. Ya ƙara da gargaɗin da ya tayar mini da hankali, cewa injin dizal yana iya cin baƙin mansa a matsayin makamashi idan ya yi yawa a hanyar iska, ya yi ta gudu ko da an zare makulli.

Aikin da suka yi ya dace da bayanin. Sun sauke kwanon man gaba ɗaya kafin su huda shi, domin kada ɓarɓashin ƙarfe ya rage a ciki ya je ya ci ƙarafan inji, suka toshe tsohuwar hudar da walda, suka buɗe sabuwa a sama bayan sun auna inda mai ke tsayawa idan geji ya nuna cike. Sun rage gefen kujerar injin suka ƙara mata ƙarfe ta wani ɓangaren, har hanya ta buɗe wa bututun ƙarfe mai faɗin kusan milimita 16, wanda aka haɗa da ɗan guntun tiyo mai jure zafi da mai domin girgizar inji kada ta tsage waldar. Inda ya ratsa kusa da bututun hayaƙi an naɗe shi da rigar kare zafi. Na ga yaron shagon ya ɗauko gam zai shafa a bakin turbo, maigidan ya karɓe ya miƙa masa gasket, ɗan faifan da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu domin hana yoyo, yana cewa gam ɗin da ya matso ciki shi ne ke rage faɗin hanya. Ya kuma duba tiyon numfashin inji, saboda idan iska ta taru a cikin inji takan hana man saukowa ko da bututun ya miƙe.

Inda na ga gazawarsu shi ne alkawari. An ce mini kwana uku, aiki ya ci kwana tara, kuma ko sau ɗaya ba a kira ni an faɗa mini dalili ba, sai dai in bar kasuwa in zo in tarar ana jiran mai walda. Filin garejin ƙasa ce, idan an yi ruwan Legas sai ka naɗe wando kafin ka isa wurin motarka. Ba sa ba da rasit sai ka nema, kuma kuɗin aikin hannunsu ya ɗara na yawancin makanikan unguwar, ko da yake duk abin da na biya bai kai kuɗin turbon da aka so in saya a banza ba.

Da na zo ɗauka, dattijon ya gaya mini cewa hayaƙin ba zai ɗauke nan take ba, domin akwai sauran mai a cikin salansa da sai ya ƙone. Haka kuwa aka yi, ya ɗauke a rana ta biyu. Yau wata huɗu ke nan ina bin Mile 12 da kaya, ina duba geji kowace safiya, kuma ban ƙara ko rabin lita ba tsakanin juyen mai da juyen mai. Wanda zai kai musu mota ya tanadi wata hanyar sufuri ta mako guda aƙalla, ya kuma nemi a nuna masa bututun da idonsa kafin a sauke motar daga kan jak.