Masu aikin toyi na haya a yankin Koko: yadda suka ƙona mana saura da inda suka gaza

Saurar da mahaifinmu ya bar mana tana yamma da hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Yawuri, ba nisa da garin Koko a Jihar Kebbi, kuma ta yi shekara huɗu ba a sa mata fartanya ba. Girmanta bai wuce eka 5 ba, amma gamba ta cika ta har ta fi tsayin mutum, sabara da kalgo kuma sun mamaye duk inda gamba ta bari. A cikinta akwai kaɗanya 11 da ɗorawa 3 waɗanda matan gidanmu suke amfana da su kowace shekara, sannan daga kudu maso yamma akwai gonar wani dattijo wanda ya jibge karan dawa da harawar wake domin dabbobinsa. Da muka yanke shawarar sake noma wurin, sai muka ga cewa sassabe da hannu zai ci kuɗin da ba mu da shi, barin ciyawar kuma haɗari ne, domin da zarar ta bushe ƙayau a watan Fabrairu ko Maris, wutar masu farautar gafiya za ta iso ta ko muna so ko ba mu so.

Ta hanyar sarkin noman ƙauyen na samu labarin wasu matasa bakwai da wani magidanci ke jagoranta, waɗanda suke karɓar aikin toyi a gonakin mutane. Ba su da ofis ko allon talla, baki ne kawai ke kai labarinsu. Jagoran ya taɓa yin aikin leburanci tare da ma'aikatan gandun daji, kuma a can ya koyi abin da yake koya wa yaran nasa. Na ɗauke su a farkon watan Disamba, kuma ga abin da na gani.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne sun ƙi sa rana kafin su ga wurin. Jagoran ya zo shi kaɗai, ya zaga saurar da ƙafa, ya tsinko gamba ya murza ta a tafin hannunsa, ya nuna mini cewa samanta ya bushe amma gindinta yana da sauran ɗanyantaka. Ya ce da ni: "Malam, yanzu ne lokacinta. Idan ka ƙara wata biyu, ko nawa za ka biya ni ba zan sa mata ashana ba." Dalilinsa kuwa tabbatacce ne. Wutar farkon rani tana tafiya a hankali, ba ta tashi sama sosai, tana cin busasshen ganye ta bar manyan itatuwa da ransu, har ma takan tsallake wasu wurare masu laima. Wutar ƙarshen rani kuwa, bayan iskar hunturu ta shanye duk danshin da ke cikin ciyawa, tana da zafin da yake ƙona ɓawon itace ya kashe ƙananan tsirrai, kuma ba mutum takwas ba, ko gari guda ba ya iya tare ta idan iska ta ɗauke ta.

Kwana biyu cur suka yi suna aiki ba tare da an ga hayaƙi ba, kuma a ganina waɗannan kwanaki biyun su ne ainihin abin da na biya. Da adda da lauje da fartanya da manjagara suka share hanya a kewayen saurar gaba ɗaya, faɗinta kamar taku shida, suka kankare ta har sai da ƙasa ta fito fili babu ko tsinke. A ɓangaren gonar dattijon nan sun ninka faɗin, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ke nan duk tartsatsin da zai tashi can zai nufa. Ciyawar da suka yanke ba su bar ta a bakin hanyar ba, sun janye ta zuwa cikin saurar. Daga nan suka bi kaɗanya da ɗorawa ɗaya bayan ɗaya suna share gindin kowace, suna kwashe busasshen ganyen da ya taru, saboda wutar da ta samu tarin ganye a gindin itace takan daɗe tana ci a wuri ɗaya har ta dafa saiwar. Haka nan sun raba saurar gida uku da wasu siraran hanyoyi, domin kada a kunna wutar da ta fi ƙarfin masu tsaronta.

Sun kuma nace a kan cewa sai an sanar da jama'a. Ni da jagoran muka je wurin mai gari, muka je wurin arɗo saboda akwai burtali a kusa, sannan muka sami dattijon mai harawa a gidansa. Jagoran ya durƙusa ya ce: "Baba, jibi da la'asar za mu sa wa saurar maƙwabtanka wuta, muna roƙon ka turo yaro ya tsaya a kan kayanka." Dattijon ya ce shi da kansa zai zo, kuma ya zo. Wannan ziyara ba ta ɗauke mu awa biyu ba, amma duk wanda ya san yadda ƙonewar harawa ko kiwo take haddasa rigima tsakanin manoma da makiyaya a ƙasarmu ya san darajarta.

Ranar aikin sun iso da injin feshi na goyo guda uku, irin mai ɗaukar lita 16, da jarkoki cike da ruwa a kan amalanke, da ɗanyun rassan dogon yaro na bugun wuta. Na lura sun wanke injinan sosai kafin su zuba ruwa, domin da su ake fesa maganin ciyawa da damina, kuma babu mai son shaƙar tururin wannan magani a bakin wuta. Jagoran ya mayar da wani yaro gida ya sauya riga saboda ta jikinsa mai roba ce, irin wadda take narkewa ta manne a fata. Ba su kunna ba sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da iska ta lafa, kuma kafin nan ya ɗebi ƙura ya watsa sama har sau uku yana duban inda take karkata. Sai ya gwada da ɗan ƙaramin wuri, ya ga yadda wutar take tafiya, ya kashe, sannan aka fara.

Yadda suka kunna ita ce ƙwarewar da ban taɓa gani ba a wurin manoman da na taso a cikinsu. Mu dai mun saba a tsaya a bayan iska a sa wuta, ta ruga a guje. Su kuwa daga kudu maso yamma suka fara, a bakin hanyar da suka share, wato wutar tana fuskantar iska tana ja da ƙyar kamar mai hawan tudu. Harshenta bai wuce ƙugu ba a mafi yawan wurare, kuma duk takun da ta ci yana ƙara faɗin baƙar ƙasar da ta raba ta da harawar dattijo. Sai da wannan baƙin fili ya yi faɗi sosai suka bi gefuna biyu suna kunnawa, daga ƙarshe suka rufe ta ɓangaren da iska ke fitowa, wutar ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya ta mutu. Mutum biyu ba su taɓa ashana ba sam, aikinsu kawai tsayawa a wajen hanya suna duban tartsatsi. Sau biyu tartsatsi ya tsallaka, sau biyun kuma aka kashe shi nan take. An ga macizai sun fito suna gudu, har da kububuwa guda, kuma a nan na lura cewa uku daga cikin yaran silifa ce a ƙafarsu, abin da bai kamata jagora mai lura irin wannan ya bari ba.

Akwai abin da na nema suka ƙi yi, kuma na gode musu. Na so su haɗa da karan da ya rage a wata 'yar gonarmu da ake nomawa, jagoran ya ce wannan asara ce. Gaskiyarsa ne, domin idan an ƙona kara, sinadarin naitirojin da ke cikinsa yana bin hayaƙi ne ya tafi, shi ne kuwa abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Tokar da ta rage tana da amfani, amma iskar hunturu takan kwashe ta tun kafin ruwan farko, ta bar ƙasa tsirara. Kara abincin dabbobi ne, abin da suka bari kuma gara da ruwan sama za su mayar da shi taki. Ya kuma faɗa mini tun da wuri cewa wuta ba za ta kashe sabara da kalgo ba, za su sake tohowa daga kututture, haka ma tofar da ke gefen kwari saiwarta tana ƙarƙashin ƙasa inda wuta ba ta kai wa. Duk wannan ya tabbata, kuma sai da muka bi da gatari da magirbi daga baya.

Inda suka gaza kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. Da aka yi sallar isha'i suka zaga, suka ce wuta ta mutu, suka karɓi cikon kuɗinsu suka tafi. Washegari da hantsi, da iska ta tashi, wani tsohon kututturen marke da ke kusa da gefen saurar ya soma hayaƙi, ashe wuta ta kwana tana ci a cikinsa. Allah ya sa ƙanena ya je duba wurin, ya tarar garwashi ya faɗo taku kaɗan daga ciyawar da ba a ƙona ba, ya kira mutane aka zuba ruwa aka rufe da ƙasa. Busasshen kututture da kashin shanu suna iya riƙe wuta kwana ɗaya ko fiye ba tare da an ga harshenta ba, kuma wanda ya san ya kamata a share gindin kaɗanya ya san wannan ma. Ya kamata a ce sun bar mutum biyu sun kwana, ko kuma sun dawo da asuba sun taɓa kowane kututture da bayan hannu. Da na faɗa wa jagoran bai yi gardama ba, ya ba da haƙuri, amma haƙuri ba zai mayar da harawar dattijo ba da ta ƙone.

Na biyu, sun kula da manyan itatuwa sun manta da ƙanana. Akwai 'ya'yan kaɗanya da suka tsiro da kansu a cikin shekarun da saurar ta huta, ba su kai gwiwa ba, kuma wuta ta babbake mafi yawansu. Kaɗanya itace ce da takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, don haka wannan ya dame ni ƙwarai, ko da yake wasu sun sake tohowa da damina. Na uku, ba su ce mini komai ba game da doka. Tun shekarar 2011 akwai ƙa'idojin tarayya a ƙarƙashin NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, da suka hana ƙona daji ba tare da izini ba, kuma masu karɓar kuɗi a kan wannan sana'a su ya kamata su fara tuna wa mai gona, su nuna masa inda zai nemi izinin.

Kuɗin da na biya ya yi daidai da ladan 'yan ƙodago takwas na kwana uku, ban da abinci da ruwan da na kawo, kuma bai kai rabin abin da masu sassabe suka nema ba. Manyan kaɗanyun 11 da ɗorawa 3 duk suna nan da ransu, mun kuma shuka dawa a wurin da damina. Akwai wata saurar ta ƙanin mahaifinmu da ake shirin buɗewa bana, kuma na ba shi shawarar ya kira su, amma da sharaɗi huɗu da za a faɗa a gaban sarkin noma: a nemi izini tukuna, kowane yaro ya zo da takalmi mai rufi, a kafa turke a jikin kowace 'yar kaɗanya a share kewayenta, kuma ba za a ba da cikon kuɗi ba sai sun dawo washegari an zaga wurin tare.