GARGAƊI ga masu tsofaffin taraktoci: ku yi hattara da mai cewa zai yi muku lamba da takardu

Naira 380,000. Abin da wani mara tsoron Allah ya karɓe ke nan daga hannun wani dattijo manomi a kan zai yi wa tsohuwar taraktarsa rajista ta riƙa hawa titi, kuma yau ga shi babu kuɗin, taraktar ma tana tsare. Mu da muke harkar gyaran tarakta da sayar da kayanta, abin nan ya ci mana rai, don mutumin ya daɗe yana shiga cikinmu yana gaisawa da kowa. Kada wanda ya ce dattijon nan sakarci ya yi. Wallahi ba sakarci ba ne.

Taraktar Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins mai silinda uku, irin waɗanda aka ƙera a Ingila daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Ta bi hannu ya fi a ƙirga, takardunta na asali sun ɓace tuntuni, kamar yadda yawancin guzumayen nan suke. A gona babu mai tambayarka komai. Amma da zarar ka ɗaura mata tirela ka hau kwalta da buhunan masara ko shinkafa za ka kasuwa, ta zama abin hawa kamar kowanne, dole lamba, lasin, inshora da takardar lafiyar mota. Nan ne ƙofar da ɓarawon nan yake shiga.

Abin da ya sa aka yarda da shi, kuma har yanzu in an tuna sai zuciya ta tafasa, shi ne yadda ya zo. Bai tsaya surutu ba. Ya tsuguna a gefen injin, ya ce a ba shi tsumma da ɗan kananzir, ya goge baƙin man da ya daskare a jikin bulon injin, ya ɗora yatsa daidai kan lambar injin. Daidai wurin! Sannan ya zagaya ya nemo ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar taraktar, ya karanta ta da ƙarfi. Ya ce, "Baba, ai kai ubana ne, sati biyu kacal lambarka ta fito." Ga katin shaida rataye a wuya, ga wata sabuwar lamba a cikin leda yana nunawa wai ta wani ce zai kai masa. To ku faɗa mini, wa zai ga mutum ya san inda lambar Perkins take ya yi zargin ɗan damfara ne? Ya tsuguna fa, ya goge da hannunsa.

Kuɗin kashi uku ya karɓa. 150,000 na lamba da lasin. 100,000 na inshora da takardar VIO, wato ta jami'an duba lafiyar mota. A'a, kafin wannan ma akwai 130,000 da ya ce na takardar kwastam ne, wai idan babu ita kwamfuta ba za ta karɓi taraktar ba, wannan shi ne na biyu, na inshorar ya zo daga baya, bayan sallah. Duka 380,000, kuma ko sisi bai shiga asusun gwamnati ba. Kashi biyu ta asusun wani mai POS aka tura, kashi ɗaya hannu da hannu a bakin ofishin lasin, a waje, ƙarƙashin bishiya. Ya ce dattijon ya jira shi, ya shiga ta ƙofa ya ɗan jima ya fito da rasit. Rasit ɗin nan daga baya aka ga babu lambar biyan kuɗi a jikinsa da za a iya bincikawa.

Amma mafi munin abin ba kuɗin ba ne. Ya ce lambar da ke kan farantin taraktar ta yi gajarta, wai sai mai harafi da lamba 17 ake karɓa yanzu, don haka ya kawo wani yaro da injin goge ƙarfe da ƙusoshin buga lamba. Suka ɓamɓare farantin asali, suka goge wani wuri a jikin ƙarfen suka buga wata doguwar lamba, suka fesa jan fenti a kai. Ƙarya ce tsagwaronta. Tsarin lamba 17 ɗin nan daga 1981 ya zama ƙa'ida a motoci, tarakta irin wannan da aka ƙera kafin lokacin gajeriyar lamba ce da ita, kuma ita ce babbar shaidarta a duniya. Ka cire ta ka buga wata, ka mayar da halal ɗinka kamar kayan sata. Duk jami'in da ya shafa wurin zai ji ƙarfen ya lotsa, ya ga haruffan ba su jeru ba, wani ya nutse wani bai nutse ba, fentin wurin kuma ya fi na sauran jiki sheƙi. Farantin asalin ma ya tafi da shi a aljihu. Me zai yi da shi in ba ya manna wa wata taraktar sata ba?

Lambar hawa titin ta fito kuwa, ba a sati biyu ba, sai da aka yi wata biyu da ɗoriya ana kira yana cewa injin buga lamba ya lalace. Da aka tare taraktar a hanya lokacin kaka, tirela cike da masara, aka saka lambar a shafin tantancewa na Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, sai ga sunan ƙaramar mota ya fito. Inshorar kuma da aka duba ta a rumbun NIID, inda ake tantance inshora, babu ita sam, takarda ce kawai mai kala. Shi ya karɓi 100,000 a kanta ita da takardar VIO, alhali inshorar dole (third party) ta ƙaramar motar gida tun Janairun 2023 naira 15,000 ce. Takardar lafiyar motar kuwa abin takaici, an buga mata hatimi alhali babu wanda ya taɓa ganin taraktar da ido. Ba ta da sigina, fitilar baya ɗaya a fashe, tirelar babu abin ƙyalli ko ɗaya, sakatar da ke haɗa abin taka birkin dama da na hagu ta karye. Wanda ya san tarakta ya san haɗarin wannan: birkin dama daban na hagu daban, a titi in ba a haɗe suke ba ka taka ɗaya da gudu, sai ta juya da kai ta kife. Jami'in gaske ba zai sa hannu a kan haka ba.

Wayar ɗan damfarar a kashe tun ranar. Da farko ma ya ɗauka sau ɗaya ya ce yana wajen jana'iza.

Kuma ba dattijon nan kaɗai ba ne, an fara jin masu Steyr irin haɗin Bauchi da masu Fiat irin haɗin Kano suna cewa ya je musu da maganar kuɗin kwastam. Taraktar da aka haɗa a cikin ƙasar nan, kwastam na me?

Ga mai son yi wa taraktarsa rajista, ka je da ƙafarka ofishin lasin na jiharka, ka shiga ciki, ka biya ta banki a asusun gwamnati. Ka tafi da takardar ciniki mai shaidu, ko takardar gwanjo in daga gwamnati ta fito. In takardun asali sun ɓace, ka yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, ofishin zai faɗa maka sauran. Ka ɗauki hoton lambar injin da ta farantin, kada ka bari kowa ya taɓa su. VIO ya ga taraktar da idonsa. Direba ya riƙe lasisin rukunin F, shi ne na injinan noma. Lamba ta fito, ka tantance ta a wayarka kafin ka ɗaura.

Hoton rasit ɗin, da alat ɗin turawa guda biyu, da wurin da suka goge suka buga lambar ƙarya, duk suna nan, za a saka su da zarar an rufe sunan dattijon da lambar wayarsa. Maganar tana hannun 'yan sanda, shi ya sa ba a ambaci sunan mutumin ba tukuna. 380,000, ga masarar da ta kwana biyu a tirela a buɗe, ga taraktar da yanzu sai an nemo wanda ya sayar da ita shekaru da suka wuce ya zo ya shaida cewa ba ta sata ba ce. Duk wanda mutumin nan ya taɓa tsuguna masa a gefen inji da tsumma a hannu, ya je ya duba farantinsa yau.